Metir da Tsofaffin Takardun Lanho

Yaran da jami'a ke yaye mana yanzu, in ka zauna da su ɗan lokaci sai ka gane cewa a wurinsu haraji a ƙasar nan ya fara ne a 2012, shekarar da aka tattara dokokinsa cikin kundi guda. Duk abin da ya gabaci wannan kundi, labarin tsofaffi ne. Sun haddace lambobin ayoyi, sun san inda ake latsawa a kwamfuta takarda ta fito. Amma tambaye su abin da ya sa dattijon ɗan kasuwa ke fara rantsuwa da ya hango ma'aikacin haraji a bakin shagonsa, tun ba a tambaye shi komai ba, sai su ce maka jahilci ne. Dattijon nan kuwa ya fi su sanin abin da yake tsoro, domin kakansa ya gaya wa ubansa, ubansa ya gaya masa.

Mutumin da ya fahimtar da ni wannan ya rasu a daminar da ta wuce, a nan Yamai, bayan ya tsufa tukuf. Ban taɓa kama sunansa ba yana da rai, ba kuwa zan fara yau ba. Metir muke ce masa, kuma duk wanda ya yi zirga-zirgar kotun Yamai da dosiyen haraji a hammata tsakanin zamanin Kunce da na Tanja ya san wanda nake nufi. A wurin zaman makoki na ji wani matashin lauya, mai ƙwazo ne kuwa, yana gaya wa na kusa da shi cewa marigayin gwani ne, sai dai son tarihi ya cinye masa rabin rayuwa, da ya tsaya kan aikinsa kaɗai da ya bar wa 'ya'yansa benaye. Wurin ba na musu ba ne. Amma tun da na ajiye aiki ba abin da na fi shi kamar lokaci, don haka ga amsata.

Bazabarme ne, haifaffen Gaweye, tsohuwar unguwar bakin kogi da aka tashe ta zamanin kuɗin uraniyom aka gina otel da zauren taro a wurin. Ni kuwa Bagobiri, saboda haka tun ranar da na shiga ofishinsa neman aikin buga takardu ya raɗa mini "bawana", har na yi furfura bai canza ba. Ya fara aiki yana saurayi a ƙarshen mulkin Nasara, ɗan akawu a ofishin kumandan. Bayan samun 'yanci a 1960 ya bi ta makarantar horar da ma'aikata ta nan Yamai, aka tura shi makarantar haraji ta Clermont-Ferrand a Faransa, ya dawo sufeto. Ya daɗe yana yanka wa mutane haraji kafin ya ajiye, ya karanta shari'a, ya sa baƙar riga. Tsofaffin abokan aikinsa suka ce ya fita da asirin gida. Lauyoyin garin a lokacin ba su da yawa, wasunsu ma Turawa ne, kuma ba mai son dosiyen haraji: lissafi ya yi yawa, kuɗin aiki kaɗan, ga shi da gwamnati kake ja, gwamnatin ma ta soja. Shi ya ɗauki abin da kowa ke gudu.

Labarin da ya fi maimaita mini, na abin da yau babu shi, shi ne rangadin ƙidaya. Bayan an kai amfanin gona gida ake fita. Kumandan ko mataimakinsa, da tafinta, da gardi biyu ko uku, sai ɗan akawu da akwatin rajista. A kafa tebur a gindin itace ƙofar gidan maigari. Kowane maigida ya zo ya durƙusa, ya lissafa matansa da 'ya'yansa da ƙannensa da duk mai ci a tukunyarsa, sannan shanu da raƙuma da jakai da tumaki da awaki. Faransa kai take ƙirgawa, mace da namiji, muddin mutum ya kai shekarun da aka yanka. To, ina takardar haihuwa a ƙauye? A ido ake yanke shekarun yaro. Uwa ta ce bai kai ba, gardi ya ce dubi ƙwaurinsa, maigari ya sunkuyar da kai, alƙalamin ɗan akawu na jira. Daren da za a iso kuwa an riga an kora rabin garke daji tare da samarin gari. Metir ya ce a nan ya koyi duba ƙasa kafin ya dubi takarda: gidan da aka ce awakinsa uku, ga turaku goma sha a tsakar gida, kashin da ke gindinsu ko bushewa bai yi ba. Na tambaye shi ko yakan faɗa wa kumandan. Ya ce, "Bawana, rubutu aka ɗauke ni in yi. Ba wanda ya tambaye ni turke."

Daga wannan rajista ake fitar da rol, kundin da ke ɗauke da sunan kowane gida, yawan kawunansa da abin da zai biya. A sa masa hannu a sama, a miƙa wa baitulmali, don a tsarin da muka gada mai yankawa daban, mai karɓa daban. Sarki da masu gari su tattara, a ba su kasonsu cikin abin da suka kawo. Matsalar ita ce rol ba ya motsi sai an sake ƙidaya, ƙidayar kuwa takan yi shekaru ba a sake ta ba. Wanda ya mutu yana nan a rubuce. Wanda ya tafi Kumasi ko Ankara ko Kano yana nan a rubuce. Jimlar da aka ɗora wa gari ita ake jira cif, don haka masu rai su biya wa matattu, na gida su biya wa na tafiya. Yawancin masu tafiyar ma neman kuɗin lanhon ne, wato harajin kai, ya fitar da su, irin samarin da Jean Rouch ya bi har Gwalkwas da na'urar ɗaukar hoto a shekarun 1950. A gabas, wajen Maraɗi da Damagaram, gyaɗa ce ta zama kuɗin lanho, wanda gyaɗarsa ba ta yi ba ya kama hanyar cin rani.

In Metir ya zo nan a labarinsa, sai ya tsallaka baya zuwa 1931, ko da kuwa akwai mai jira a zaure. Fara ta cinye gero, ruwa bai wadata ba, yunwa ta kama yammacin ƙasar. Gwamnan lokacin, Blacher, da kumandojinsa suka ci gaba da neman lanho bisa rol ɗin shekarun ƙoshi. Mutane suka sayar da iri, suka sayar da dabbobi a wulaƙance, garuruwa suka watse, wasu suka nufi Nijeriya, wasu suka gangaro Yamai. Mahaifiyarsa ta ga isowarsu bakin kogi, daga bakinta ya fara jin labarin tun bai san akwai takardunsa ba. Daga baya Paris ta aiko mai bincike, Bernard Sol, rahotonsa ya ɗora wa mahukuntan laifi mai nauyi, gwamnan ma bai daɗe ba aka sauya masa wurin aiki. Maganin da aka kawo shi ne tsananta dokar rumbun tsimi, wanda talaka ya ɗauke shi wani sabon lanho da ake biya da gero. Andre Salifu ya yi rubutu kan wannan yunwa, haka Buraima Alfa Gado. Metir ya karanta su duka, da jan alƙalami a hannu, yana rubuta sunayen ƙauyuka a gefen shafi inda yake ganin an taƙaita.

Yakan ce duk wanda zai yi aikin haraji a ƙasar nan a fara kai shi Kobkitanda, kudu da Doso. A can ne a ƙarshen 1905 wani malami makaho, Alfa Saibu, ya kira mutane su daina biyan Nasara. Wutar ta kama Karma, nan kusa da mu a bakin kogi, a farkon 1906. Da aka murƙushe su malamin ya tsallaka iyaka ya faɗa Satiru kusa da Sakkwato, inda a watan Fabrairu na shekarar aka yi tawayen da 'yan'uwanmu na Nijeriya suka fi mu sani. Ba lanho kaɗai ya tada mutanen ba, akwai addini, akwai aikin tilas da ƙwace abinci da dabbobi. Amma ƙin biya shi ne alamar da kowa ya gane.

Abin da ya fi ba shi dariya kuwa shi ne asalin Yamai kanta. A farkon ƙarnin da ya wuce 'yan ƙauyuka ne a kan gaɓa, su Mawrey da Kalley da Gaweye, sai Kaftin Salaman ya kafa bariki. Shi ne tsofaffi ke kira Kaftan Salma, har aka sa sunan a kan wani littafi na tarihin birnin. Dattawan da Metir ya zauna da su sun gaya masa cewa don garin ya cika, an ɗauke wa masu zuwa zama lanho da aikin tilas na wani lokaci. A 1911 aka mayar da hedikwata Damagaram, a 1926 Gwamna Brévié ya dawo da ita nan. Wata rana ina zaune Metir ya dubi wani babban jami'i da suka saba wasa, ya ce masa, "Ranka ya daɗe, garin nan masu gudun lanho suka raya shi. Yanzu jikokinsu ne ke zaune a ofis suna mamakin inda mutane suka koyi gudu."

Ranar Asabar ba a samunsa a ofis. Da safe yana cibiyar binciken IRSH, inda aka adana rubuce-rubucen Larabci da ajami da Bubu Hama ya fara tarawa, ko kuma yana CELHTO wurin su Julde Laya, masu tattara tarihin baka. Bai taɓa kiran kansa masanin tarihi ba. In an ce masa haka sai ya ce masana su ne su Jibo Hamani da ya rubuta tarihin Adar, shi ɗan rakiya ne. Da la'asar sai ya rataya rikoda, ya sayi goro da batir, ya nufi Gamkalle ko Gudel ko Zongo wurin tsofaffi. Nakan riƙe masa rikodar wani lokaci. Ba ya fara tambaya da sarauta ko yaƙi kamar yadda 'yan jami'a ke yi. Sai ya ce, "Baba, shekarar da ka fara biyan lanho, nawa ne kai guda? Wa ya karɓa? Me ka sayar ka biya?" Tsohon da ba zai iya faɗa maka shekarar haihuwarsa ba, sai ka ji ya kawo adadin har da tamma, da sunan gardin, da launin akuyar da aka kai kasuwa. Daga nan sauran labarin ke biyowa: wa ke sarauta, ina kasuwa take, gidan wa ke ina kafin a yanka titi. Da haka ya zana taswirar tsohuwar Gaweye gida-gida, bayan unguwar ta riga ta tafi.

Matashin lauyan can zai ce duk wannan ina ruwansa da dosiye. To, bari in ba shi misali guda.

A 1982 Babbar Kasuwa ta ƙone. Cikin waɗanda gobarar ta shafa akwai wani Alhaji mai sayar da atamfa, mutumin wajen Maraɗi. Duk takardun shagonsa sun tafi. Da aka zo bincikensa daga baya, ba abin da zai nuna sai wani littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa a gida, wanda yake rubutawa da hannunsa cikin ajami. Sufeton yaro ne, sabon dawowa daga karatu, kuma ba mugu ba ne. Ya sa aka karanta masa lambobin. Ya san ɗan kasuwarmu da dala yake ƙirge, in ya rubuta 100 yana nufin tamma 500, don haka ya ninka shafukan ciniki sau biyar. Shafukan sayen kaya kuwa ya ɗauke su yadda ya gan su. Riba ta fito wadda ko mai haƙar zinariya bai ci ba. Aka aiko wa Alhaji takardar ƙarin haraji da tara, ya iso ofishinmu hularsa a karkace.

Metir ya yi allo yana yaro, ajami ba baƙonsa ba ne. Ya baje littafin a kan tebur, ya sa tabarau, ya yi ta bin shafukan da yatsa ba ya cewa komai. Can ya kira ni ya nuna mini: a saman wasu lambobi akwai ɗan ƙaramin nunun, a saman wasu akwai jimun, wasu kuwa ba komai. Mai nunun naira ce, kayan Kano ke nan, a lokacin da naira guda ke canjin ɗaruruwan tamma. Mai jimun jika ce, bashin da manyan dillalai ke binsa. Wanda ba alama shi ne dala. Kuɗi iri uku a littafi ɗaya, kuma ba wanda ya tambayi mai littafin. Sauran aikin na ƙafa ne. Muka nemo kwafin takardun duwan, wato kwastan, na kayan da suka shigo ta Ɗan Isa, muka zauna da tsofaffin 'yan canji don a tabbatar da farashin naira wata-wata, muka samu direban da ke ɗauko masa kaya. Sufeton da kansa, da ya ga alamomin, ya ce a sake lissafi.

Sai dai littafin bai tsaya inda Alhaji ke so ya tsaya ba. A can ƙarshe akwai cinikin wasu watanni da bai taɓa shiga kowace takardar gwamnati ba. Metir ya juya masa shafin.

"Alhaji, wannan fa ba kuskuren sufeto ba ne. Za ka biya."

"Haba Metir! Ni na ɗauke ka ko su?"

"Kai ka ɗauke ni. Shi ya sa kake jin maganar a ɗakina, da shayi a gabanka, kafin ka ji ta a nasu."

Alhaji ya biya, yana gunaguni. Shekara na zagayowa ya kawo mana ƙanensa da surukinsa.

Ko takardar ƙorafi ba ya rubuta ta yadda ake koyarwa. Ni ke bugawa a keken rubutu, kwafi uku da kabon, kuskure ɗaya a sake shafi. Shafin farko ba ayar doka ko ɗaya. Labarin mutumin ne: daga ina ya zo, yaushe ya kafa rumfa, wace shekara ya yi asara, mutum nawa ke ci a ƙarƙashinsa. A shafi na biyu doka ke shigowa, a jere, ba ƙari ba ragi. Yakan ce na farko don sufeto ya san wa yake yanka wa, na biyu don ya san ba shi da hanyar kaucewa. Yau in ka rubuta haka sai a ce ka cika surutu, gurbin da aka tanada a fom ɗin ma ba zai ɗauka ba.

Na tsallake farkon zamanin Kunce, bari in koma. Fari ya ci ƙasar daga ƙarshen shekarun 1960 har 1974, kuma cikin abin da talaka ya riƙe wa gwamnatin Diori Hamani akwai yadda aka ci gaba da bin lanho da jangali dabbobi na faɗuwa. Soja suka karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974. Kuɗin uraniyom na Arlit, sannan na Akuta, suka shigo, kafin shekarun 1970 su ƙare gwamnati ta ɗauke wa talaka kuɗin kai na ƙasa, aka bar na hukumomin yanki. A maƙwabta ma, a 1979, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Metir ya yi murna kamar kowa, ya san abin da aka sauke wa mutane fiye da kowa. Amma tun a lokacin yake cewa gwamnatin da ta daina bukatar kuɗin baƙauye za ta daina zuwa ƙauyensa, kuma ranar da farashin dutsen ya faɗi za a dawo neman kuɗi ba a san kowa ba. Farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980. A 1986 aka kawo TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya. Nauyi ya koma kan 'yan tsirarun kamfanoni masu rajista da ma'aikata masu albashi da duk ɗan kasuwar da tsautsayi ya sa yana da adireshi. Sauran kowa ya sani: karyewar sefa a Janairun 1994, dokokin OHADA, sabon tsarin lissafin kamfanoni, lambar NIF. Muka koyi kowanne, shi da furfurarsa yana zama aji ɗaya da 'ya'yan abokansa.

Rol dai bai mutu gaba ɗaya ba, har gobe masu gari na karɓar kuɗin hukumar gari tun bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004. Abin da ya mutu shi ne darajar ɗan guntun takardar da ake ba wanda ya biya. A da ita ce shaidar mutum a hanya, ita ake tambaya a shinge, wanda ba shi da ita ya sauka daga mota. Saboda haka tsofaffi ba sa yar da ita. Sau da yawa na ga dattijo ya zo ofishinmu kan rigimar fili ko ta gado, ya ciro gwangwanin madara daga aljihun 'yar ciki, ya buɗe, ga takardun lanho a naɗe, an ɗaure da zare, na ubansa a ciki, nasa a waje, wasu sun yi ja har tambarin ya dushe. Metir ba ya bari kowa ya warware su sai shi. Yakan jera su a tebur shekara bi shekara, ya danne gefensu da 'yan duwatsu saboda fanka. Takardar lanho ba takardar mallakar fili ba ce, kowane ɗan aji ɗaya a shari'a ya san haka. Amma in ana musun ko gidan su wane na unguwa kaza tun kafin a yanka filaye, ga sunan uba, ga sunan mai unguwar da ya karɓa, ga shekara, sai ka ga mai musu ya fara sassauta murya. In shari'a ta ƙare yakan roƙi mai su ya bar shi ya kwafa. Da yawa sukan ce ya riƙe, tun da 'ya'yansu ba su san amfaninsu ba.

Ranar da na ga ransa ya ɓaci sosai ita ce a 2005. Fara ta shigo a 2004, damina ta yanke da wuri, kowa ya san rani zai yi tsanani. Sai ga dokar kuɗi a farkon shekara ta ɗora TVA ta kashi 19 cikin ɗari a kan garin alkama da madara da sukari da ruwa da wuta. Ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa, su Nuhu Arzika, suka fito a watan Maris, aka yi zanga-zanga, aka wayi gari kasuwannin Yamai a rufe. Aka kama shugabannin, aka sake su, a watan Afrilu gwamnati ta janye harajin daga kan yawancin kayan. Metir bai fita titi ba, ba halinsa ba ne, ƙafafunsa ma sun fara ciwo. Ya kira ni gida, ya ajiye mini littafin da ya kwafe bayanan 1931 a ciki, ya ce, "Bawana, fara bara, haraji bana. A duk waɗanda suka rubuta dokar nan ba wanda aka taɓa ba labarin kakarsa?"

Kada a ɗauka maƙiyin haraji ne. Ya sha gaya wa manyan 'yan kasuwa a fuskarsu cewa ƙasar da ba ta tara na kanta, da ƙoƙon bara za ta ƙare, kuma ya kori fiye da mutum ɗaya da ya zo neman a gyara masa lissafi. Bai kuma yi begen zamanin kumandan ba, wanda ya ga an shanya magidanta a rana saboda dala kaɗan ba zai yi begensa ba. Abu ɗaya yake cewa tsohon tsarin na da shi duk da zaluncinsa: dole wani ya taka ya je, ya zauna gaban mai biya, ya ga rumbunsa, ya ji sunan 'ya'yansa. In ya zalunce shi, ya san wanda ya zalunta. Yanzu ana iya rufe shagon mutum daga cikin ɗaki mai sanyi ba a taɓa ganin ƙofarsa ba, lauyansa ma ya kare shi ta waya bai san unguwarsu ba.

Ban ce yaran yanzu ba su fi mu komai ba. Sun fi mu sauri, sun fi mu sanin yarjeniyoyin haraji na ƙasa da ƙasa, takardar ciniki mai lambar tantancewa ta toshe ramukan da mu muka yi shekaru muna kewayawa. Amma na ga abin da ya sa nake wannan dogon rubutu. Wata shekara aiki ya kai ni wani ofishi a cikin ƙasa, na tarar ana share ɗakin ajiya don a sa kwamfutoci. Rol-rol na shekaru aru-aru, sunayen gidajen yanki guda da adadin mutanensu da dabbobinsu, an tara su a bayan gini, gara ta ci rabi, maigadi na jiran iska ta kwanta ya sa wa sauran ashana. Na yi magana, shugaban wurin ya ce an ba shi wa'adi, kuma ba wanda ya taɓa zuwa neman su. Na tsinci abin da hannuna zai ɗauka na kawo wa Metir. Ya karɓa, ya daɗe yana kaɗe ƙasar da ke jikinsu, bai zagi kowa ba. Ya tambaye ni sunayen ƙauyukan da ban samu ɗaukowa ba, ya rubuta.

Abin da ya bari yana nan a ɗakinsa: akwatunan ƙarfe cike da kaset, littattafan makaranta da ya cika da rubutu cikin Faransanci da Zabarmanci da Hausa, taswirar Gaweye, da gwangwanayen tsofaffi, kowanne da sunan mai shi a manne. Shawarar da na ba iyalinsa ita ce a kai su inda masu bincike za su same su, kuma sun yarda. Amma ba a kai kaya haka a jibge. Sai an samu mai jin harsunan nan, mai karanta ajami, wanda kuma ya san bambancin patanti, harajin sana'a, da kuɗin kai, ya zauna ya saurari kaset ɗin tun zafin Yamai bai gama cinye su ba, ya jera komai. Ni idona ya yi rauni, Zabarmancina kuma na kasuwa ne, shi kansa Metir ya sha yi mini dariya a kai. Na yi wa lauyoyi matasa da dama maganar, har da mai zancen benaye. Kowa ya ce abu ne mai kyau, Allah ya jiƙan Metir. Da na tambayi wanda zai ba da Asabar ɗinsa, sai aka shiga duba waya.